Hoton dajin Yankari: a yanke, ko a bar shi yadda aka ɗauka?

Ɗan Bauchi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga hotuna biyu, amma asalinsu ɗaya ne. A Yankari na ɗauka cikin watan Janairu, da sassafe, a hanyar da motar zagaye take bi ta gangara wajen kogin Gaji. Na farkon shi ne yadda ya fito daga kyamara, da gajeren lensi mai 24mm, wanda yake kwaso wuri da faɗi. Na biyun kuma na datse sama gaba ɗaya, na rage gefen hagu. Abin da ya tsayar da ni marke ne guda uku da rana ta bugi jikinsu ta gefe, ɓawonsu fari tas, bayansu kuma hazo ya rufe sauran itatuwa. Amma a hoton farko sai ka neme su kafin ka gan su, sun nutse cikin rassa da ciyawa. A na biyu sun fito, sai dai ina jin kamar hoton ya takura. To wanne ya fi? Kuma har ina mutum zai yanke hoto kafin a ce ya ɓata shi?

Maman Amira:
Wa'alaikumus salam. Na biyun mana, babu ma haɗi. Wannan farin saman ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na hoton farko, kuma babu komai a cikinsa, ko ɗigon gajimare. Ido kullum inda ya fi haske yake fara zuwa. Mai kallo zai tafi sama ya bar maka markenka a ƙasa.

Baba Mai Hoto:
Ɗana, na biyun ya fi, amma bai kai ba tukuna. Buɗe hoton da girma ka duba marken tsakiya. Akwai wata baƙar bishiya a bayansa, ina jin ƙawo ne, ta fito daidai kafaɗarsa har jikinsu ya haɗe, wanda bai san itace ba zai ɗauka reshensa ne. Wannan ko kwana ka yi kana yanka ba za su rabu ba. Abin da zai raba su taku ɗaya ne zuwa dama kafin ka danna.

Aikin hoton daji duka a nan yake, ratar da ke tsakanin bishiya da bishiya. Kai idonka biyu ne, suna gaya maka wannan a gaba take, waccan a baya. Kyamara ido ɗaya gare ta, komai sai ta shimfiɗe shi wuri guda. Sannan zuciyarka tana zaɓe, ta riƙe marke uku ta manta da sauran, ita kuwa kyamara ba ta manta komai, har busasshen reshen da ya gitta ta ƙasa sai ta kawo maka shi.

Mu da muka koyi aiki da fim ɗin 120, hoto 12 kacal ake samu a naɗi ɗaya. Kyamarar tana rataye daidai cikinka, kana leƙa gilashinta ta sama, kana bin gefuna huɗu da ido kafin ka taɓa komai. Tsakiya ba ta buƙatar gadi, ai ita ta tsayar da kai tun farko. Gefe ne yake ɓata hoto. Yanzu yara sai su buɗe lensi su kwashe dajin duka, wai in an koma gida a zaɓa a kwamfuta. Tela yana iya rage riga, amma ba ya iya ƙaro yadin da ba a sayo ba.

Ɗan Bauchi:
Na gode Baba, Allah Ya ƙara girma. Na ga haɗuwar da kake faɗa, kuma tun da ka nuna mini ita ta ƙi barin idona. Sai dai taku ɗayan nan ba shi da sauƙi a wurin. A cikin mota muke, kuma a zagayen Yankari ba a sauka sai inda jagora ya yarda, tun da akwai giwa da ɓauna. Sai dai a kusa da masauki da wajen ruwan Wikki ne mutum yake takawa da ƙafarsa.

Baba Mai Hoto:
To direba fa? Ka ce masa, don Allah malam ɗan ja gaba kaɗan. Mita ɗaya ta isa. Ko kai ka koma ɗaya kujerar.

Injiniya:
Baba ranka ya daɗe, ina tare da kai a kan maganar rata, amma bari in kare almakashi kaɗan, don akwai abin da mutane da yawa suke ruɗewa a kai. Ana cewa dogon lensi yana matse itatuwa ya jawo na baya kusa da na gaba, gajere kuma yana warwatsa su. Ba lensin ne yake yin haka ba, inda ka tsaya ne. In ka tsaya wuri ɗaya ka ɗauka da 24mm, ka sake ɗauka da 70mm, sannan ka yanke tsakiyar na farko har ya yi daidai da na biyu, jerin itatuwan da girman wannan a kan waccan iri ɗaya za su fito. Wanda yake shakka ya gwada a ƙofar gidansa da sandunan lantarki.

Ke nan Ɗan Bauchi bai yi wani laifi ba, abin da ya yi a kwamfuta shi ne abin da dogon lensi zai yi masa a mota. Bambancin a farashi yake. Kyamara mai megapiksel 24, wato ɗigo miliyan 24, tana ba ka ɗigo 6000 a kwance, 4000 a tsaye. In ka yanke rabin faɗi da rabin tsayi, ba rabin hoton ne ya rage ba, rubu'i ne: 3000 da 2000, wato megapiksel 6. In za a buga shi da kyau, ɗigo 300 a kowane inci, hoton da zai kai inci 20 ya koma inci 10. In kuwa daga 24mm za ka yanko abin da 70mm yake gani, abin da zai rage bai cika megapiksel 3 ba. A waya ba za a gane ba. A bango za a gane, musamman a hoton daji, inda kyan duka a ƙananan abubuwa yake, zanen ɓawo da tsinken ciyawa.

Masu ɗauka da waya ma su sani, in kun sa yatsu biyu kun zuƙo abu ya wuce ƙarfin lensin wayar, yankan nan ne wayar take yi muku, ta cike gurbin da ƙiyasi.

Maman Amira:
Allah Ya saka, Injiniya. Ni dama ban taɓa fahimtar dalilin da ya sa ake ɗaukar yanke hoto kamar abin kunya ba. Wa ya ce daji ya zo duniya a ma'aunin 3:2? Wannan ma'aunin fim ɗin 35mm ne, faɗi milimita 36, tsayi 24, kamfanoni suka gaje shi suka sa a kyamarorin yanzu. Waya kuma 4:3 take bayarwa. Ita kyamarar Baba, mai ɗaukar hoto 12 ɗin nan, murabba'i take fitarwa. To in abin da na gani ya fi dacewa da murabba'i, don me zan bar ma'aunin da wani ya zaɓa a masana'anta ya yanke mini hukunci? Ni tun ina tsaye a wurin nake sanin cewa wannan 4:5 zai zama, sai in ɗauka da ɗan sarari a gefe don in samu abin gyarawa. Wannan ma ai tsari ne.

Baba Mai Hoto:
'Yata, wannan da kika faɗa ba shi nake faɗa da shi ba. Wanda ya san abin da zai yanke tun yana tsaye a gaban bishiyar ya riga ya gama tsara hotonsa. Wanda nake faɗa da shi shi ne wanda bai san me ya ɗauka ba sai ya zauna a ɗaki.

Abu Sadik:
Ni dai a ganina matsalar hoton ita ce ba a bi ƙa'idar kashi uku ba, wato a raba hoto uku a kwance, uku a tsaye da layuka, a ɗora abin da ake ɗauka a kan ɗaya daga cikinsu. Da ka sa babban marken a kan layin hagu ko na dama, ba a tsakiya ba. Kunna layukan nan a kyamararka za su taimake ka.

Injiniya:
Malam Abu Sadik, layukan suna da amfani wajen miƙar da hoto, amma kada mu mai da su farilla. Wani mai zane ɗan Ingila, John Thomas Smith, shi ya fara rubuta sunan wannan ƙa'ida a 1797, kuma maganar zanen karkara yake yi, yadda za a raba sama da ƙasa da ruwa. Tana aiki in abu ɗaya ne a fili. A daji mai itatuwa ashirin wacce za ka ɗora a layin? Sauran goma sha taran fa? Marke ukun nan tazararsu ba ɗaya ba ce, biyu sun kusanci juna, ɗaya ya ware, kuma wannan rashin daidaiton shi ne daɗin hoton. In ya tura su gefe don cika ƙa'ida, sai ya jawo tarkacen dama su cike wurin.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum, ina hwatan kowa lahiya. Ni maganar cire sama ce ta tsaya mani. Kada sabon shiga ya karanta wanga zance ya ɗauka duk hoton itace sai an datse sama. A wajenmu itatuwa ba su cunkushe ba, gawo ne tsaye cikin gonakin hatsi, wanga nan, wancan can nesa. Gawo kuma kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar lokacin da komai ya bushe. In ka ɗauke shi a watan Janairu ka datse sama ka matse shi, ka kashe labarin, don labarin shi ne koren bishiya guda a tsakiyar fili fari da kararen hatsi, da awaki a ƙarƙashinta suna jiran 'ya'yanta su faɗo. Ni a kwance nike ɗaukarsa, wani lokaci har 16:9, in sauko da layin ƙasa can ƙasa in bar sama ta yi yawa. Kuka ma haka, in ba ka bar wa rassanta sarari ba ba ta nuna girmanta.

Maman Amira:
Gaskiya ne Malam, amma kai samanka tana aiki, ita take fito da siffar bishiyar. Ta Ɗan Bauchi faci-faci ce tsakanin rassa, fari fat kamar an huda hoton. Wannan ce ake cirewa.

Na Maraɗi:
Hakanan ne Hajiya, mun daidaita.

Malamin Gembu:
Ina so in yi magana a kan hazon da ke bayan marken, don ban ga wanda ya yaba masa ba, alhali shi ya ceci hoton. Duk masu hoton daji na Turai da kuke gani suna tashi da asuba suna neman hazo, dalilinsu ɗaya ne: yana dusashe abin da ke nesa, ya bar na kusa da ƙarfinsa, sai itatuwa su jeru sahu-sahu, na gaba baƙi, na tsakiya toka-toka, na baya kamar inuwa. Ratar da Baba yake nema a kwance, hazo yana ba da ita a zurfi. Mu kuma Allah Ya ba mu hunturu daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, amma sai ka ji mai kyamara yana cewa bari ƙura ta lafa tukuna. Ranar da ta lafa, rana ta fito tsaf, kowane ganye yana ƙyalli, kowane reshe yana jefa inuwa a kan ɗan uwansa, ranar ce hoton daji ya fi wuya. Abin kiyayewa kawai kada ka canza lensi a fili cikin ƙurar, ka shiga mota ka rufe gilashi.

A nan Mambila namu daban ne. Kurmin Ngel Nyaki yana sama da mita 1,400, hazonsa na ruwa ne, gajimare ne yake sauka cikin itatuwa. Ciki duhu ne, gansakuka ta rufe jikin itace, kuma in ba ka da ƙafar kyamara hoton zai girgiza. Amma ƙafar tana da wani amfanin da ya fi wannan: tana hana ka gaggawa. In kyamara ta tsaya cik, sai ka sami damar bin gefuna da ido, ka ga ganyen da ya leƙo ta kusurwa, ka matsa kaɗan ka fitar da shi. Da damina kuma ina sa filta mai kashe ƙyalli, tana cire farin da ke kan jiƙaƙƙen ganye koren ya fito sosai, sai dai tana rage haske, dole a ƙara lokaci.

Ɗan Jarida:
Ku yi haƙuri zan karkatar da zancen. Ƙanena Ɗan Bauchi, na sa hotunan biyu gefe da gefe. Abin da ka cire a hagu ba tarkace ba ne kawai. Ƙasa ce baƙa wadda wuta ta ci, da wani gungume da ya ƙone rabi. A hoto na biyu babu alamar wuta ta taɓa bi ta wurin. Wanda ya gani zai ce dajin lafiya lau yake.

Wannan abin yana damuna ba tun yau ba. Ana zuwa dazuzzukan da ake sare kirya da marke ana gawayi, mai hoto ya juya wa kututture goma baya ya ɗauki bishiya ɗayan da ta rage, ya sa a Instagram mutane suna ta masha Allah. Bai ƙara komai a hoton ba, bai goge komai ba, amma wanda ya kalla ya tafi da labarin da ba haka yake ba. A aikinmu an yarda ka rage gefe, ba a yarda ka goge abu ko ka ƙara ba, kuma ko rage gefen ma in zai canza ma'anar abin da ya faru edita mai tsoron Allah ba zai bari ya fita ba.

Maman Amira:
Yaya, ai shi ba rahoto ya kawo ba. Kuma ko bai yanke a kwamfuta ba, tun da ya ɗaga kyamara ya fuskanci gabas ya riga ya bar yamma a waje. Da dogon lensi gare shi, da ƙonannen wurin bai ma shiga ba tun farko, kuma da ba ka ce komai ba. To mene ne bambancin?

Ɗan Jarida:
Babu bambanci, shi ya sa ban ce almakashi ne mai laifi ba. Mai riƙe da kyamarar nake wa magana. Ina roƙon mu riƙa ɗaukar ɗaya gefen ma. In duk masu kyamara a Arewa kyakkyawan gefe kaɗai suke ajiyewa, jikokinmu za su duba hotunanmu su kasa gane lokacin da dajin ya tafi.

Abu Sadik:
Shi ya sa wasu manya ba sa yanka ko kaɗan. Henri Cartier-Bresson na Faransa har baƙin layin gefen fim yake sa a buga tare da hoton, don a san bai taɓa shi ba.

Injiniya:
Haka ne, amma hotonsa da ya fi shahara, na mutumin da yake tsallake ruwa a bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a Paris a 1932, yankakke ne. Ta tsakanin katakon shinge ya zura kyamara, katako ya rufe gefen hagu, dole aka datse. Yanayinsa da na Ɗan Bauchi a mota kusan ɗaya ne, wurin tsayuwa ne bai ba shi zaɓi ba. Wanda ya fi kusa da zancenmu shi ne Ansel Adams. A 1958 ya ɗauki wasu fararen itatuwa a arewacin jihar New Mexico ta Amurka, haske a jikinsu, bayansu duhun daji, babu sama ko kaɗan. Kuma bai ɗauki ɗaya ya ce in ya je gida zai yanka ba, ya yi na kwance, ya kuma yi na tsaye, kowanne da tsarinsa. Ɗan Bauchi, nemi hotunan nan ka kalla, za ka ga danginsu ɗaya da markenka.

Baba Mai Hoto:
Ɗan Jarida ya zo da magana, kuma ni ta wata fuskar ma nake goyon bayansa. Ku bar batun amana tukuna, ku dubi hoton kawai. Baƙar ƙasar nan ita ce abu mafi duhu a hoton, marke kuma su ne mafi haske. Fari ba ya nuna farinsa sai da baƙi kusa da shi. Da ka cire ta sai hoton ya zama toka-toka daga gefe zuwa gefe, kuma nauyi duka ya koma dama. Takurar da ka ce kana ji, daga nan take.

Ga abin da zan yi da hotona ne. Sama ta tafi, wannan mun gama. Amma ka sauko da wuƙar da yawa, ka yanke marken dama daidai inda ya rabu biyu, sai ya zama kamar gwafa. Ko ka yanke ƙasa da rabuwar, jiki ya fita daga hoton a miƙe, ko ka haura sama da ita rassan biyu su ɗan yi tafiya. A hagu ka dawo da ƙonanniyar ƙasar har zuwa ƙarshen gungumen, kada ka raba shi biyu. A dama akwai wata siririyar bishiya da gefen hoton ya tsaga ta a tsaye, rabi ciki rabi waje. Ko ta shigo duka ko ta fita duka. Ni fitar da ita zan yi.

Ɗan Bauchi:
Ga na uku, na bi yadda Baba ya ce. Ya fito kusan 5:4 a kwance, kuma ɗigo 4300 suka rage a faɗi. Wallahi gungumen da nake ganin shi ne ya ɓata wurin, yanzu shi yake jan ido daga kusurwar hagu ya kai shi gindin marke. Yaya Ɗan Jarida, wutar ta dawo.

Ɗan Jarida:
Madalla ƙanena. Wannan in ka buga ina son ɗaya.

Maman Amira:
Ya yi kyau, ba zan ƙi gaskiya ba. Amma ni har yanzu ina ganin akwai hoto na biyu a ciki, a tsaye, marke biyun da suka kusanci juna su kaɗai da hazo a bayansu. In za ka sa a Instagram ma 4:5 a tsaye ya fi cika fuskar waya. Kada dai ka yanke a kan asalin fayil ɗin, ka ajiye shi yadda yake. Manhajar gyaran hoto ta Lightroom ba ta taɓa asali, amma wasu manhajojin waya in ka danna ajiye sun haye kansa ke nan.

Injiniya:
4300 zai ba ka wajen inci 14 a bugu mai kyau, ya isa bango. In za ka kai wa mai bugawa kada ka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, zai matse shi, ka tura a matsayin fayil ko ka kai a filashi. Kuma ka gaya masa ma'aunin da bakinka, don in takardarsa ba ta yi daidai da hoton ba, wasu sai su datse gefe da kansu ba su tambaye ka ba.

Baba Mai Hoto:
Saura abu ɗaya, ɗana. Gindin marken hagu ya zauna daidai a kan layin ƙasa na hoton, kamar zai zame ya fita. A asalin akwai ciyawa a ƙarƙashinsa, na gani. Dawo da ita kamar faɗin yatsa biyu, bishiyar ta samu ƙasar tsayawa. Haɗuwar marken tsakiya da ƙawon nan kuwa tana nan, sai ka koma. In za ka koma ka ari dogon lensi mai 70-200mm, ka zauna a kujerar da ke bayan direba don ya ji ka in ka ce ya tsaya.

Ɗan Bauchi:
In sha Allahu Baba. Akwai mai 70-200 na Nikon a Bauchi ko Jos da zai ba ni aro kafin hazo ya ɗauke? Ya yi mini magana ta akwatin sirri.